Wane objektif marar zum ya dace da mai hoton biki a Yamai: 50, 40 ko 30?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai hoto ne a nan Yamai, unguwar Bukoki. Aikina biki da suna, wani lokaci da ɗan bidiyo. Kyamarata marar madubi ce, Sony a6400, da zum ɗin 16-50 da ta zo da shi. Na tara jika 200. Kowa a fadarmu cewa yake in sayi 50mm f/1.8, wai shi ke narkar da bayan hoto. Abokin aikina mai Canon RP ya ce nasu ya fi, wani kuma ya ce na Nikon babu kamarsa. Don Allah ku kwatanta mini su. Ko kuwa in ƙara haƙuri in tara kuɗin f/1.4?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ga hukuncin tun da wuri, dalilai su biyo baya: a kan a6400, kada 50 ya zama objektif ɗinka (gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara) na farko marar zum. Nemi 30 ko 35. Abokinka mai RP, shi 50 ɗin ya dace da shi. Wanda ya yabi na Nikon Z kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba zai hau kyamararka ba ko da adafta, saboda haka yabon ba ya ƙara ka da komai a yau.

Lambar da aka rubuta a jikin objektif ba ta gaya maka faɗin abin da zai shiga hoto, sai ka san girman sensar da ke bayansa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Babbar sensa, irin ta RP ko Sony a7 ko Nikon Z5 da Z6, milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsaye, daidai da fim ɗin da muka fara aiki da shi. In ka auna ta daga kusurwa zuwa kusurwa za ka sami kusan milimita 43, kuma objektif ɗin da lambarsa ta yi kusa da wannan awo shi ne madaidaici: ba ya jawo na nesa, ba ya tura na kusa. Ka ga ke nan 40 ma ya fi 50 kusa da awon. Shi 50 gado ne. Leica ta farko da Oskar Barnack ya ƙera, wadda ta shiga kasuwa a Jamus a 1925, da shi ta fito, sauran kamfanoni suka bi sahu, aka yi shekaru ana sayar da kyamara da 50 a bakinta kafin zum ya yi araha. Tsofaffin masu hoton garin nan, irin su Philippe Koudjina da ya ɗauki dararen Yamai a shekarun 1960 da 1970, sun yi aikinsu a zamanin da ƙafar mai hoto ce ke matsawa gaba ko ta ja baya.

Taka sensar ƙarama ce, wadda ake kira APS-C, kusan milimita 23.5 da 15.6. Tsakiyar abin da objektif ya kawo kawai take yankowa. Don haka duk lambar da ka gani sai ka ninka ta da 1.5: 50 a wurinka 75 ne, 35 ya zama 52, 30 ya zama 45. Masu ƙananan Canon irin R50 da R10 da R100 su da 1.6 suke ninkawa, 50 ɗinsu 80 ne.

Mu fitar da lissafin daga takarda mu kai shi ɗakin amarya. A nisan mita 3, 50 a kan RP yana ɗaukar faɗin mita 2 da ɗan ɗori. A kan a6400 mita 1.4 kawai, mutum uku kafaɗa da kafaɗa, su ma da ƙyar. In kana son ango a tsaye daga hula har takalmi, abokinka zai ja baya kusan mita 3, kai kuwa sai ka wuce mita 4. Yanzu tuna ɗakunan da muke shiga a Bukoki ko Talaje ko Harobanda: gado ya ci rabin ɗaki, ga kujeru, ga jeren kwanuka, ga ƙawaye cike da ƙofa kowa na son ta fito. Bayanka zai bugi bango tun ba ka sami rabin mutanen ba. Haka ma ƙarƙashin rumfa ranar suna, inda mita huɗun da ka bari tsakaninka da mai jego ba za su zauna babu kowa ba. Yara da masu raba goro za su yi ta ratsawa. Ƴan fadarku sun ji sunan 50 a bakin masu babbar sensa ne, suka ɗauka ko'ina haka yake.

Ba wai 50 ba shi da amfani a ƙaramar sensa ba. Yana da shi ƙwarai, amma a matsayin na biyu: hoton kai da kafaɗa a tsakar gida da la'asar, kwalliyar fuskar amarya, ɗaurin ɗankwali. Akwai kuma masu cewa ka sayi na babbar sensa tun yanzu, ranar da ka koma a7 sai ka tafi da abinka. Ban yarda da wannan ba. Aikin Asabar mai zuwa ne zai biya kuɗin a7 ɗin, kuma objektif mai kyau ba ya faɗuwa a kasuwa irin yadda jikin kyamara ke faɗuwa. Ranar da ka tashi canzawa za ka sami mai saye.

To, da jika 200 ɗinka, guda biyu ne a gabanka da gaske.

Na farko Sigma 30mm f/1.4 DC DN, ɗan Japan, wanda ya fito a 2016 a kan dalar Amurka 339. In aka lissafa dala a wajen sefa 600, ka ga sabonsa ya cinye kuɗinka tas tun kafin a yi maganar kawowa da duwan, amma na hannu mai tsabta yana cikin ƙarfinka. Nauyinsa giram 265, yana kama abu tun daga santimita 30. Lambar f ɗin nan ita ce faɗin ƙofar haske, in ta ƙanƙanta ƙofar ta fi buɗewa. A buɗe gaba ɗaya tsakiyar hotonsa tana da kaifi, in ka ɗan rufe zuwa f/2 ko f/2.8 sai ya yi tsaf har gefe. Zum ɗinka in ka ja shi ƙarshe f/5.6 yake komawa, f/1.4 ya ninka wannan sau 16 wajen shigar haske. A aikace, hoton walimar dare da kake ɗauka a ISO 6400 (ISO shi ne ƙarfin jin hasken sensa) ya fito da ƙuraje, za ka ɗauke shi a 400. Wannan shi ne babban abin da kuɗinka zai sayo, ya fi narkar da baya muhimmanci. Aibinsa ɗaya da ya shafe ka: ba shi da abin hana rawar hannu, a6400 ita ma ba ta da shi a jikinta.

Na biyu Sony E 35mm f/1.8 OSS, na 2012. Giram 154 ne, ba ka jin sa a wuya, kuma haruffan OSS ɗin nan su ne abin hana rawar hannun. Wajen kaifi Sigma ya sha gabansa, musamman a gefen hoto, kuma sabonsa ya fi Sigma tsada. Amma ka ce kana ɗan yin bidiyo. In bidiyon nan da hannu kake yi, kana bin amarya daga mota zuwa ƙofar gida, to bambancin da mai biki zai gani a allon wayarsa ba kaifi ba ne, girgiza ce. Saboda haka: in hoto ne kashi uku cikin huɗu na aikinka, Sigma, in bidiyo ya kai rabi, Sony. A hoto tsaye, abin hana rawar hannu hannunka kaɗai yake riƙewa, ba ya tsayar da masu rawa. Su sai ka kai saurin ƙyaftawar kyamara 1/200 na sakan ko sama, kuma a nan faɗin ƙofar haske ke aiki.

Akwai ƴan China da suka shigo da ƙarfi, Viltrox a gaba, da 33mm f/1.4 da kuma 35mm f/1.7, masu kama fuska da kansu, a farashin da bai kai na waɗancan ba. Da can ana cewa araha ba ta ado, yanzu maganar ba ta kama su duka ba. Abin da nake dubawa a kansu shi ne bambanci tsakanin guda da guda, wani ya fito lafiya wani gefensa ɗaya ya karkace, ga shi nan ba mu da wurin mayarwa. In za ka iya gwada shi da hannunka kafin ka biya, babu laifi. Su TTArtisan da 7Artisans masu saitin hannu kuwa, ka bar su ga mai ɗaukar hoton faɗuwar rana a bakin kogi. A taron biki ba wanda zai jira ka murɗa.

Yanzu gardamar abokanka, wato 50 na babbar sensa. Guda ukun da ake yawan ambata duk f/1.8 aka rubuta musu, amma ba aji ɗaya suke ba, kuma kamfanonin ma ba su yi niyyar su zama ɗaya ba.

Canon RF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2020 a kan dala 199 ta Amurka. Giram 160, gilasai shida a ciki, tsohon tsari ne mai sauƙin ƙerawa da aka ɗan gyara. A f/1.8 tsakiya ta yi kyau, kusurwoyi suna da laushi da ɗan duhu, a f/2.8 zuwa f/4 sai ya farka. Abin da nake so game da shi, wanda ba a cika faɗa ba, yana matsawa har santimita 30, saboda haka lallen hannun amarya, zobe, zanen aikin wuyan riga, duk za ka cika hoto da su ba tare da canza objektif ba. Motarsa tana ɗan ƙara, hancinsa yana fitowa yana komawa in yana neman saiti, ba a toshe shi daga ƙura ba, kuma hular da ke kare shi daga rana daban ake sayar da ita. Duk da haka, a kuɗinsa, babu wanda ya kai shi biyan bukata. Abokinka ya saya hankali kwance.

Sony FE 50mm f/1.8, na 2016, dala 249, giram 186, shi ma gilasai shida. Hoton da yake bayarwa ba shi da nisa da na Canon. Matsalarsa mota. Tsohuwar iri ce, tana da nawa, tana da ƙara, kuma in haske ya yi ƙasa sai ta shiga kai-da-kawo, ta wuce fuska ta dawo. Ga wanda ke ɗaukar mutum zaune a situdiyo wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke jiran sakan ɗin da liman ya shafa fatiha ko uwar amarya ta fashe da kuka, abin takaici ne. Kuma shi ne daidai wanda ƴan fadarku ke tura ka ka saya, ka ga an haɗa maka matsala biyu, ga ƙunci ga nawa. Mai a7 da ke son madaidaici na kirki ya duba Zeiss 55mm f/1.8 na 2013, giram 281, mai sauri da shiru, wanda sabonsa ya kusa dala 1,000 amma na hannu ya sauko sosai saboda yawansa a duniya; sai dai ba ya matsawa ƙasa da rabin mita. Ko kuma ƙananan nan na 2021, 40mm da 50mm f/2.5 G, kowanne wajen giram 170, jikin ƙarfe, an toshe su daga ƙura da laima, motarsu ba ta jinkiri. Sun rage haske kusan rabi in aka gwada da f/1.8, wannan ne kuɗin ƙanƙantarsu.

Nikon Z 50mm f/1.8 S wani abu ne daban. Ya fito a 2018 tare da Z6 da Z7 na farko, a kan kusan dala 600, ninki uku na na Canon. Gilasai 12 ne a cikinsa, biyu daga ciki na musamman ne don hana launuka rabuwa, nauyinsa giram 415. Tun daga f/1.8 yana da kaifi daga tsakiya har kusurwa, saitinsa a ciki yake motsi, hanci ba ya fitowa, an sa masa roba a gaɓoɓi, kuma in ka mai da saiti daga fuskar kusa zuwa ta nesa a bidiyo, faɗin hoton ba ya canzawa sosai. A cikin duk masu f/1.8 shi na fi girmamawa, kuma da yawa daga tsofaffin f/1.4 ba su kama ƙafarsa ba. Amma mai Nikon da aljihunsa bai kai ba yana da Z 40mm f/2 na 2021, dala 299, giram 170, bakinsa na roba. Bai kai ɗan'uwansa kaifi ba, musamman in ka matsa kusa a buɗe. Amma a mita 3 yana ɗaukar faɗin mita 2.7, inda 50 ke ɗaukar 2.2, kuma rabin mitan nan shi ne ƙawa ɗaya da ba a yanke mata kafaɗa ba. In da ni ne mai yawon gidajen biki da Z5, sau da yawa 40 ɗin zan ɗaura.

Sauran a gurguje, tunda ba su da yawa a hannun mutanenmu. Panasonic Lumix S 50mm f/1.8 na 2021, giram 300, an yi shi da masu bidiyo a zuciya, girmansa ɗaya da ƴan'uwansa 24 da 35 da 85. Masu Fujifilm, ƙaramar sensa gare su irin taka: XF 35mm f/2 WR na 2015 yana da sauri kuma a toshe yake, tsohon 35mm f/1.4 na 2012 hotonsa na da daɗi amma motarsa na da hayaniya, 33mm f/1.4 na 2021 ya fi su duka kuma ya fi su nauyi. Masu Olympus da ƙananan Lumix da 2 suke ninkawa, madaidaicinsu 25 ne ko 20.

Batun f/1.4 da f/1.2 na babbar sensa, a nan nake so ka tsaya ka yi lissafi da ni, don nan ne samari ke zubar da kuɗi. Daga f/1.8 zuwa f/1.4 hasken bai ninka ba ma, ƙarin kusan kashi 65 cikin ɗari ne. Zuwa f/1.2 ya ninka sau biyu da ɗan kaɗan. Me za ka biya? Sony 50mm f/1.4 GM giram 516. Sony f/1.2 GM giram 778. Canon RF 50mm f/1.2 L giram 950, ya fito a kan dala 2,299, sama da miliyan ɗaya na sefa. Nikon f/1.2 S ya haura kilo. Ka rataya wannan tun fatihar safe har walimar dare a watan Afrilu ka ji yadda wuyanka zai gaya maka.

Sannan ga zurfin abin da ke fita tsaf. Da 50 a babbar sensa, mutum na mita 2 daga gare ka, f/1.8 na ba ka kusan santimita 17 masu kaifi, f/1.2 kusan 12, f/4 kusan 38. In ka matso mita 1, f/1.8 ya koma santimita 4: ido ya fito, kunne ya tafi. Ango da amarya in ɗaya ya ɗan gota ɗaya, wani zai yi dishi-dishi. Layi biyu na dangi kuwa, na zaune da na tsaye, dole ka koma f/4 ko f/5.6, inda objektif na dala 199 da na dala 2,299 sai mai ƙura ido a babban allo zai raba su. Kuma ka san inda hotunan ke ƙarewa: WhatsApp ya matse su, ko a wanke su a takarda mai santimita 10 da 15. Hajiyar da ta biya kuɗi ba za ta yaba maka narkakken bango ba in fuskar ƙanwarta ta narke tare da shi. Masu f/1.2 suna da wurinsu, mai tallan kaya da mai situdiyon da ke buga manyan alluna. Shi Sigma ɗin da na ba ka shawara, f/1.4 ɗinsa a ƙaramar sensa yana narkar da baya gwargwadon f/2 na babba, wanda ya ishe ka kuma ba ya yawan cutar ka.

Abubuwa uku ne masu gwajin objektif a Turai ba sa damuwa da su, mu kuwa da su muke kwana.

Rana. Da tsakar ranar Yamai, a ISO 100, f/1.8 na bukatar ƙyaftawar kusan 1/8000. Taka a6400 a 1/4000 ta tsaya, haka RP, haka Nikon Z50. Sakamakon, farar shadda ta ƙone, babu zare babu aiki. Ko dai ka rufe zuwa f/2.8 ko f/4, ko ka sayi baƙar filta mai rage haske, ND8, wadda ke rage shi sau takwas; ta Sigma milimita 52 ce, ta Sony 35 kuma 49. A bidiyo, inda kake zaune a 1/50, filtar nan ba zaɓi ba ce. Mafi sauƙi duka, ka ja mutanenka inuwa.

Farar shaddar nan kuma ita ce jarrabawar objektif ta gaske a ƙasarmu. Inda fari mai ƙyalli ya haɗu da baƙar fata ko inuwa, objektif mai araha a buɗe yana zana wani siririn layi shuɗi-ja a bakin rigar, kore-kore kuma a abin da ke baya. Za ka gan shi a zaren azurfa na aikin riga, a sarƙar amarya, a ganyen dogonyaro da rana ke ratsawa. Canon da Sony masu gilasai shida suna yin sa, Zeiss 55 yana yi, Sigma 30 ma yana yi a f/1.4. Nikon S ne ya fi danne shi, nan kuɗin gilasansa na musamman ya tafi. Maganinsa kyauta ne: rufe zuwa f/2.5 ko f/2.8, yawancinsa zai ɓace, ragowar a goge a kwamfuta.

Sai ƙura, daga Nuwamba har Maris. Objektif mai hanci na fitowa da komawa, irin RF 50 da FE 50 da tsohon Fuji 35, yana shaƙar iska yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri, kuma iskar hunturu ba ta shiga ita kaɗai. Wanda saitinsa ke motsi a ciki ya fi daɗewa da tsabta. Amma kada ɗan ƙurar cikin gilashi ta ɗaga maka hankali, da wuya ta fito a hoto. Wadda ke fitowa ita ce ta kan sensa, kuma kyamara marar madubi da zarar ka cire objektif sensarta a fili take. Wasu, irin Canon R6 da R5, suna rufe labule in an kashe su; a6400 da RP ba sa yi. Wannan ne ma ya sa nake matsa maka ka zaɓi lambar da za ta yi maka yinin duka. Mai 50 a ƙaramar sensa dole ya yi ta cirewa yana mai da zum duk sanda aka ce a yi na dangi, a tsakar gida, iska na kaɗawa. In canjin ya zama dole, shiga ɗaki ko mota, kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa. Wanda ya taɓa aiki a filin kokowa na Tawa lokacin gasar takobi ba sai an gaya masa ba. Kuma kada ka goge gilashi da bakin riga ko rawani. Ƙurar nan yashi ce, tana kankare rufin gilashin. Hura da famfon roba tukuna, sannan tsumma mai laushi. Farar filta ta kariya tana da amfani da rana, amma da dare cire ta, don tana ninka ƙwayayen wutar walima su fito kore-kore a kan fuskoki.

Tunda mun zo dare: wutarmu tana bugawa sau 50 a sakan, kuma ƙwayayen LED masu araha da ake jerawa a wurin biki suna ƙyafta tare da ita, balle in injin wuta ne ke ja. In ka ga ratsi-ratsi a hoto, ba laifin sabon objektif ba ne. Kashe ɗaukar shiru, ka koma 1/100 ko 1/50.

Wata ƙofa ga abokanka masu tsofaffin kaya. Bakin kyamara marar madubi yana kusa da sensa, milimita 20 a Canon RF, 18 a Sony, 16 a Nikon Z, alhali tsofaffin masu madubi suna da 44 da 46.5. Ratar nan ce adafta ke cikawa. Canon EF 50mm f/1.8 STM na 2015, wanda ya cika hannun masu hoto a garin nan, yana aiki lafiya lau a kan RP da adaftar Canon; mai shi ba ya bukatar gaggawar sayen RF. A Nikon kuwa a kula: 50mm f/1.8G yana kama saiti da kansa ta adaftar FTZ, amma tsohon f/1.8D ba ya yi, don shi motarsa a jikin tsohuwar kyamara take. Kai kuma mai Sony, kada a ruɗe ka da tsohon Canon da adafta mai araha. Kama idon da a6400 ta yi suna da shi ba ya tafiya daidai ta wannan hanya.

In na hannu za ka saya, tafi da kyamararka, gani ya kori ji. Cire murfi biyun, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. Ɗigon ƙura ba komai. Abin da ya yi zare-zare yana yaɗuwa daga gefe funfuna ce, tana yawan zuwa da kayan da suka zauna a Kwatano ko Lome ko Legas inda laima take, kuma ba a cika rabuwa da ita ba. Ajiye shi ka tafi. Ɗauki bango mai bulo daga nesa a buɗe gaba ɗaya, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun: in duk sun yi laushi daidai da juna, halinsa ne, in ɗaya ta fi sauran lalacewa, ya taɓa faɗuwa. Sa yaron shago ya tako zuwa gare ka a wurin da ba haske sosai, ka ɗauki hoto goma a jere ka ƙirga nawa ido ya fito. Duba ƴan ƙarafan zinariya na baki, kada su zama sun cinye ko sun yi tsatsa.

In kuma saƙo za ka ba wani ɗan'uwa a Faransa ko Dubai, rubuta masa sunan cikakke ka haɗa da hoton kwalin. Sigma 30mm f/1.4 ɗin nan ana yin sa da baki daban-daban, na Sony, na Fujifilm, na Nikon Z, na Canon, na Olympus da Lumix, duk kamarsu ɗaya a ido. Akwai kuma tsohon 30mm f/1.4 mai haruffan DC HSM na kyamarori masu madubi, da wani ƙaramin 30mm f/2.8. Naka shi ne wanda aka rubuta wa DC DN, kuma a gefen kwalin an ce na Sony E ne.